Yaran da Dakta Hajara ta ce su dawo

Shekara tara ke nan da muka kai matata Hajara makwancinta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan tara 'ya'ya da jikoki a gidanmu na Unguwar Rimi, a yi mata addu'a, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa rubuta komai game da ita a jarida ba. Ni ba marubuci ba ne, safiyo ne, na ƙare ƙuruciyata ina auna filaye a ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya. Bana ne na ga shirun ba zai fisshe ni ba, domin akwai abin da ta bari wanda ya fi ƙarfina, kuma kullum ƙara matsowa yake yi. Sunayen mutanen da zan ambata duk na sauya su, ban da nata da na 'yarmu Zainab.

Hajara likitar yara ce, kuma mai bincike. Abin da ta ba rayuwarta shi ne wata sankara da ke kama idon ƙananan yara, sau da yawa tun suna goye. Wani irinta gado ne. Idan uwa ko uba na ɗauke da shi a jini, kowane ɗa da za su haifa yana iya ɗauka, yana iya tsira. Idan aka gano ciwon da wuri, ana ceto rai, sau da dama har da idon. Idan aka makara, yakan bi jijiya ya wuce ciki. Alamarsa ta farko wani farin haske ne a tsakiyar ƙwayar ido, irin wanda ake gani a idon kyanwa idan fitila ta haska ta. Wannan bayani na ji shi a kan teburin cin abinci fiye da shekara ashirin, har na haddace shi ba tare da na yi niyya ba.

A kan wannan teburin take zanen dangi. Takardun asibiti sun yi mata ƙanƙanta, sai ta koma kwashe tsofaffin taswirorina da na gama da su, ta kifa su, ta yi zane a bayansu. Namiji murabba'i, mace da'ira, wanda ciwon ya kama ta cike shi da baƙin biro. Takan bi iyali har kakanni, ta zauna da tsofaffi tana tambayar wane ne ya rasu yana ƙarami, me ya same shi, idonsa ya kumbura ko bai kumbura ba. Daga waɗannan zane-zane da jinin da take ɗiba ta rubuta maƙalolin da aka buga a mujallun likitoci na ƙasashen waje.

Akwai wata al'ada da ta ɗaukar wa kanta wadda ba ta cikin kowace maƙala. Duk yaron da ya rayu, takan ba iyayensa wani ɗan kati, ta rubuta a kai cewa idan ya girma ya yi aure aka haihu, a kawo mata jaririn kafin suna. A bayan katin kuma adireshin gidanmu take sawa. Na taɓa yi mata ƙorafi a kan haka. Ta ce, "Abban Zainab, asibiti ana sauya mutane, ofis yana ƙaura daga wannan gini zuwa wancan. Gida ne kawai na san zai zauna inda yake." Na yi dariya na ce ashe har nan da shekara ashirin take shirin karɓar baƙi. Ba ta yi dariya ba.

A duniyarsu ta masu bincike, ba a auna mutum da irin wannan kati. Ana auna shi da yawan maƙalolin da ya buga, da kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubutun. Akwai shafi a intanet da ke ƙirga wannan ambato, lambar tana hawa duk lokacin da wani ya ambace ka. Da ita ake ƙarin girma, da ita ake samun tallafin bincike. Hajara ta sha wuya kafin tata lambar ta fara motsi, domin takan ɓata watanni tana bin iyali ɗaya, alhali abokan aikinta sun fitar da takarda biyu ko uku. Takan dawo daga zaman tantancewa ta ajiye jaka ta ce, "Sun ƙirga sau nawa aka ambace ni. Ba wanda ya tambaye ni yara nawa suka dawo."

Hawan jini ne ya kayar da ita a wurin aiki bayan la'asar. Kwana uku ta yi, ba ta ƙara magana ba.

Bayan rasuwarta ne lambar ta fara hawa da gaske. 'Yarmu Zainab ta haɗa mini imel ɗin mahaifiyarta a wayata, don kada wani saƙo mai muhimmanci ya wuce mu. Tun daga lokacin, kusan duk mako sai saƙo ya shigo da Turanci cewa wani masani a wata ƙasa ya kafa hujja da aikin Hajara. Da farko abin yana sanyaya mini zuciya. Nakan nuna wa abokaina a masallaci, mu ce ilimi mai amfani ne, ladansa na bin ta har kabari. Har yau ina fatan haka ne. An yi taron karrama ta, aka karanta jerin maƙalolinta, aka ba ni wani allo na katako mai rubutun zinare, na rataye a falo.

Cikin waɗannan shekarun dai, firizar da take ajiye jinin da ta tara ta lalace. Wuta ta ɗauke na kwanaki, janareta ba mai, ba wanda ya tuna da ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda. Na ji labarin ne bayan watanni, a bakin wani ma'aikaci da muka haɗu a wajen ɗaurin aure. Daga baya aka buƙaci ofishinta, aka tattara takardunta a kwalaye aka kawo mini gida. Na jera su a sito, na kulle.

Wata Asabar da hantsi, shekara biyar bayan rasuwarta, ina wanke mota a tsakar gida, sai aka ƙwanƙwasa get. Wani saurayi ne siriri, cikin ɗinki mai kyau, idonsa na hagu ba ya motsi tare da na dama. Na gane idon roba ne, domin na ga irinsa da yawa a hotunan aikinta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya fito da wani kati da aka naɗe cikin leda. Katin ya yi ja saboda tsufa, amma rubutun hannunta ne.

"Baba, nan ne gidan Dakta Hajara?"

Na ce nan ne, amma Allah ya yi mata rasuwa.

Ya yi salati, ya daɗe a durƙushe yana mata addu'a. Sunansa Musbahu, tela ne a Abakpa. Ya ce bai san fuskarta ba, yana ɗan shekara biyu aka cire masa idon. Mahaifiyarsa ce ta adana katin a ƙasan akwati, ta damƙa masa ranar da aka ɗaura masa aure. Yanzu matarsa ta haihu, mace, gobe suna.

"To Baba, yanzu wa zan kai wa yarinyar?"

Na ce ya je asibiti, sashen yara, ya nuna musu katin. Ya tafi. Bayan kwana uku ya kira ni da murna, ya ce sun bi layi, wani matashin likita ya haska idon yarinyar da 'yar tocila ya ce lafiyarta ƙalau, su dawo in sun ga wani abu. Ya ce kuma ya sa mata sunan marigayiyar, a gida Dakta suke kiranta.

A nan ne nake da laifi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san tocila ba ta isa ba. Na san ana ɗiga magani ne a buɗe ƙwayar idon a duba can ciki, a kuma yi ta maimaitawa a watannin farko. Na ji Hajara ta faɗi haka sau ba adadi. Amma na ce masa alhamdulillahi, Allah ya raya, na kashe waya. Ina so ne maganar ta ƙare. Ganin rubutun hannunta ya tayar mini da abin da nake ƙoƙarin binnewa, kuma na gaya wa kaina ni ba likita ba ne.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya dawo, cikin damina, rigarsa a jiƙe. Bai zauna ba. Ya miƙo mini wayarsa. Hoton Sallah ne, yarinya cikin atamfa da ɗan kallabi, tana dariya. A idonta ɗaya ga farin hasken nan. Ya ce matarsa ta daɗe tana ganin haka a hotuna, sun ɗauka wayar ce ke da matsala.

A ranar na kira Dakta Bashir, wani tsohon ɗalibin Hajara wanda yanzu babba ne a fagen. Kiran bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma da lambarsa a wayata tun ranar da Musbahu ya fara zuwa. Washegari aka duba yarinyar. Ciwon ya riga ya wuce ido. Aka yi aiki, aka sa ta a magani, gashinta ya zube, Musbahu ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya. Wata bakwai ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Na je jana'izar a Abakpa. Da Musbahu ya hango ni ya taso ya riƙe hannuna yana gode mini, ya ce na yi musu ƙoƙari. Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Bayan sadakar bakwai na buɗe sito. Gara ta taɓa kwali ɗaya, sauran suna nan. Na shimfiɗa zane-zanen a kan teburin da aka yi su. Ban iya karanta maƙala ba, amma zane aikina ne. Na ɗauki fensir, na bi baƙaƙen murabba'i da da'irorin da ta rubuta "ya rayu" ko "ta rayu" a gefensu, ina lissafa shekarunsu. Ban kai ƙarshen kwali na biyu ba na ajiye fensirin. Kusan dukkansu sun kai munzalin aure, ko suna dab da kaiwa. Ga kuma 'yan'uwansu da ciwon bai fito musu ba amma ta sa musu ɗigo a tsakiya, alamar suna iya ɗauke da shi. Musbahu ba shi ne na ƙarshe ba, shi ne na farko. Kuma shi ya yi sa'ar uwa mai adana takarda.

Na sa Zainab ta rubuta wa wasu daga cikin masanan da ke ambaton aikin mahaifiyarta, ta gaya musu halin da ake ciki. Mutum ɗaya ya amsa, cikin ladabi ƙwarai. Ya yi mana ta'aziyya, ya yabi aikinta, sannan ya tambaya ko jinin da ta tara yana nan, ko za a iya aika musu. Ba na zarginsa. A wurinsa waɗannan mutane lambobi ne a cikin jadawali, domin haka doka ta ce a buga su, ba suna ba unguwa. Bai san ɗaya daga cikin lambobin tela ne a Abakpa ba.

Dakta Bashir ya zo har gida ya duba takardun. Ya daɗe yana shafa zanen da hannu. Ya ce, "Baba, gaskiya zan gaya maka. Ba wanda ke ba da tallafi don a bi mutane gida-gida bayan shekara ashirin. Maƙala ake ƙirga mana, ita ma sabuwa. Ni kaina na kafa hujja da waɗannan iyalan a rubutuna, ban taɓa tambayar ina suke ba." Ya ware safiyar Alhamis, ya ce duk jaririn da aka kawo daga cikin zuriyar nan zai duba shi da kansa. Ya ba ni wasiƙa mai hatiminsa don kada a ɗauke ni ɗan damfara. Nemo su kuma ya zama nawa.

Shekara biyu ke nan ina nema. Adireshin da mutane suka ba ta a lokacin irin namu ne: bayan masallacin Juma'a, gidan da ke da darbejiya a ƙofa, kusa da mai niƙa. An sare darbejiyar, an faɗaɗa titi, mai niƙan ya mutu, an yi shaguna a wurin. Lambobin wayar na tarho ne na gida, waɗanda ba su ƙara ringi ba. Wasu sun tsallaka kogin Kaduna zuwa ɗaya ɓangaren gari bayan rikice-rikicen da garin nan ya gani, maƙwabtansu na dā ba su san inda suka nufa ba, ko ba sa son faɗa wa baƙo. Ni da na auna rabin filayen arewacin Kaduna, yau ina tsayawa a bakin kwalbati da takarda a hannu ina tambayar masu shayi. Na samu 'yan kaɗan. An duba jarirai, an kama ɗaya da wuri, yaron yana nan da idanunsa biyu. Akwai gidan da na isa na tarar an riga an yi rashi, ba su ma san dalili ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce da ta ga yau. Ita da ta yi ta roƙon a sayo mata kyamara mai walƙiya guda ɗaya don sashenta, yanzu ga shi kowace uwa na da ita a wayar hannunta, ana ɗaukar jariri hoto sau goma kafin azahar, amma ba a gaya wa kowa abin da zai duba ba. Ina jin za ta yi murna na minti ɗaya, sannan ranta ya ɓaci. Lambar ambatonta kuwa, wadda ta haura abin da ta taɓa mafarki, ina jin kallo ɗaya za ta yi mata ta tambaye ni inda na kai a kwali na uku.

Abin da ban shirya masa ba shi ne mutanen da na samu amma ba sa son a same su. A Mando na gano gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati kamar ni. 'Yarsa Safiya malamar makaranta ce, an cire mata ido tana ƙarama. Na isa na tarar ana fentin gida, saura mako biyu bikinta da wani abokin karatunta. Ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo ruwa. Da ya karanta wasiƙar sai fuskarsa ta sauya. Ya tashi ya tura ƙofar falo.

"Alhaji," ya ce da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, "duk dangi da maƙwabta sun san icce ne ya tsokane mata ido. Haka muka faɗa tun tana goye. Ka san abin da zai faru idan dangin yaron nan suka ji kalmar gado? Ba ita kaɗai ba, har ƙannenta ba wanda zai ƙara tako ƙofar nan dominsu."

Na ce ba fasa aure nake nema ba, jaririn da za a haifa nake so a duba.

"Allah ne ke tsarewa. Matarka ta yi mana alheri, ba mu manta ba. Don darajarta nake roƙonka ka tafi, kada ka dawo."

Na yi masa sallama na fito. Ban ga mugunta a idonsa ba. Uba na gani wanda ya yi shekaru yana tsare 'yarsa daga bakin mutane, kuma ya san garin nan sarai. An yi biki, ban je ba.

Watan jiya, da yamma, wata mata ta sauka daga keke mai ƙafa uku a ƙofar gidana, ita kaɗai, cikin dogon hijabi, cikinta ya tsufa. Safiya ce. Ta ce ranar da na je tana bayan labule, ta ji komai, kuma a ranar ta fara sanin ba icce ba ne. Ta riƙe wasiƙar da na manta a kan kujera. Mijinta bai sani ba. Ta ce sau uku tana buɗe baki ta gaya masa, sai ta tuna mahaifiyarsa. Ta tambaye ni abin da ake yi wa jaririn, ko da zafi, ko za a iya yi ba tare da an rubuta dalili a katin asibiti ba. Na gaya mata iya abin da na sani, na gaya mata labarin 'yar Musbahu ban rage komai ba, har da nawa laifin. Ta saurara ba ta yi kuka ba.

Idan na auna abin da ya rage na Hajara, maƙalolin suna nan, kuma ba zan raina su ba. Wataƙila a wata ƙasa an ceci wani yaro saboda abin da ta rubuta. Amma maƙala ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta zama a tabarma ta lallashi uba. Abin da ya rage nata na gaske mutane ne, masu rai, waɗanda ta cire wa ciwo suka girma, suka yi karatu, suka koyi sana'a, suna aure a unguwannin nan namu. Nasararta ce ta kai su wannan matsayi, kuma nasarar ce ta zo da haɗarin da ke biye da su. Ta ga zuwansa tun da nisa, ta yi masa tanadi iya ƙarfinta. Abin da ba ta lissafa ba shi ne za ta riga shi tafiya, ta bar aikin a hannun tsoho mai ciwon gwiwa da likita ɗaya mai safiyar Alhamis. Allah ya jiƙanta, ya sa abin da ta shuka ya zama haske a kabarinta. Ni kuma shekaruna sun ja, kuma ban san wanda zai karɓa daga hannuna ba.

Safiya ta ce an gaya mata haihuwar ba za ta wuce ƙarshen watan nan ba. Na raka ta bakin titi, na tsayar mata da keke. Har ta shiga ta zauna, sai ta leƙo ta ce, "Baba, in na haihu zan kira ka. Amma in ban kira ba, don Allah kada ka zo."

Na ce mata to. Kwanakin watan suna ta ƙarewa, kuma har yanzu ban san ko zan cika wannan alƙawari ba.